Dasa Itace Cikin Itace: Yadda Ake Yin Allon Ibadar Hindu Irin na Maisur, Mataki-Mataki

A birnin Maisur na jihar Karnataka, a kudancin Indiya, akwai masu sana'ar da ke fitar da hoto ba tare da sun taɓa fenti ba. Sai su samo katako mai duhu da nauyi, su rarake masa gurbi, su yanko gutsattsarin wasu itatuwa masu launi daban-daban su dasa a ciki, sannan su goge fuskar har ta yi sumul, yatsa ya bi ta kai bai ji gaɓa ba. Farin daga wata bishiya yake, rawayan daga wata, jan daga wata. Cikin abubuwan da aka fi nema a wurinsu akwai allunan abubuwan bautar mabiya addinin Hindu: Ganesha mai kan giwa, Lakshmi a kan fure, Kirishna da sarewarsa.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba za su zauna su zana abin bautar wani addini ba, kuma ba sai sun yi hakan ba kafin su ƙaru. A Maisur ɗin ma da yawa daga masu sana'ar Musulmi ne, musamman a unguwar Mandi Mohalla, kuma da wannan dabarar ake fitar da allunan rubutun Larabci da akwatuna da tebura masu furanni. Na ɗauki allon ibada ne don a nan aikin ya fi tsauri. Mai zanen fure yana iya ƙara ganye ko ya rage, ba wanda zai tuhume shi. Mai zanen Ganesha kuwa abu biyu ne suka ɗaure masa hannu: launin da itace ya yarda ya ba shi, da ƙa'idar da addinin masu allon ya gindaya kan kowace gaɓa. Wanda ya fahimci yadda ake tafiya tsakanin waɗannan biyun, sauran aikin dashe ba zai gagare shi ba.

Inda sana'ar ta fito

A ƙarƙashin inuwar sarauta ta girma. Sarakunan gidan Wodeyar na Maisur sun riƙe masu ita, kuma har yau ana ganin aikinsu a fadar Amba Vilas, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1897 aka kammala a 1912: ƙofofi na katako mai duhu da aka dasa wa hauren giwa. A Srirangapatna, kusa da birnin, ƙofofin hubbaren da Tipu Sultan, wanda ya mulki Maisur a ƙarshen ƙarni na 18, yake kwance su ma baƙin itace ne da dashen haure. A wancan zamani launi biyu ne kacal, fari a kan baƙi. Daga baya aka shigo da haɗa itatuwa masu launuka da yawa a hoto guda, kuma sunan da ake yawan ambata a wannan sauyi shi ne Mir Shaukat Ali. Da doka ta hana cinikin hauren giwar Indiya a 1986, ta kuma hana na wanda ake shigowa da shi a 1991, sai farar roba mai tauri da fararen itatuwa suka maye gurbinsa. Tun tsakiyar shekarun 2000 gwamnatin Indiya ta yi wa sana'ar rajistar da ta keɓe sunanta ga yankin Maisur. Akwai danginta a Hoshiyarpur ta jihar Punjab, da kuma aikin cusa zaren tagulla a katako na garin Mainpuri a arewacin Indiya, amma zanen siffofin ibada da launin itace zalla, Maisur aka sani da shi.

Mataki na farko: san wanda kake zanawa

Nan ne baƙon sana'ar ya fi yin tuntuɓe, don haka nan zan fi daɗewa. A wurin mai bin addinin Hindu, ba da fuska kaɗai ake gane abin bauta ba. Abin da ke hannunsa, yadda ya zauna, dabbar da ke gefensa da launin tufarsa, su ne sunansa. Ka sauya ɗaya, ka zana wani daban ko kuma ka zana abin da ba kowa ba.

Mu ɗauki Ganesha, tunda da shi mabiya addinin ke buɗe kowane sabon al'amari, kuma allonsa ne kyautar da aka saba kaiwa ranar tarewa a sabon gida. Kansa na giwa ne, jikinsa na mutum mai tumbi, haurensa ɗaya karyayye. A siffar da aka fi sani hannuwansa huɗu ne. Na sama biyu suna riƙe da igiyar zarge da ƙugiyar da ake sarrafa giwa da ita. Na ƙasa na dama yakan kasance a ɗage, tafin yana fuskantar mai kallo, alamar kada a ji tsoro, ko kuma yana riƙe da karyayyen hauren. Na ƙasa na hagu yana ɗauke da wani abin zaƙi da suke kira modaka. A gindinsa akwai ɓera, wanda shi ne abin hawansa. Kar ka bar ɓeran don ƙanƙantarsa ta ba ka wahalar yanka. Mai saye zai neme shi.

Sai hancin. A yawancin allunan gida yana lanƙwasa ne zuwa hagun Ganesha, wajen abin zaƙin. Wanda ya lanƙwasa dama, mutane da yawa suna ganin yana buƙatar tsauraran ka'idojin ibada irin na wurin bauta, don haka ba kowa ke son sa a gida ba. Haka zaren ibada da ke ratsa ƙirji: daga kafaɗar hagu yake saukowa zuwa kwankwason dama. In aka juya shi ya fito daga kafaɗar dama, wannan ɗaurin na lokacin hidimar mamata ne. Ka ga dalilin da ya sa juya zane baibai, kuskuren da ba ya ɓata komai a hoton fure, yake lalata allon ibada gaba ɗaya.

Sauran ma kowa da alamunsa. Lakshmi tana zaune ko tsaye a kan furen lotus, mai kama da bado, da fure a hannuwanta biyu na sama, tsabar zinariya na zuba daga wani hannun. In an sa mata giwaye biyu suna kwarara mata ruwa, wannan siffar ita ce Gajalakshmi, wadda ake yawan sawa a saman ƙofa. Saraswati fararen kaya take sawa, tana riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira bina, da littafi da carbi. Bishnu yana da bawon katantanwar teku, da faifai mai kaifi, da kulki, da fure. Kirishna yana tsaye ƙafar dama a harɗe gaban ta hagu, sarewa ta miƙe zuwa damansa, gashin ɗawisu a ka, gyauto rawaya a ƙugu. In kuwa hoton fagen Kurukshetra ne, inda Kirishna yake yi wa jarumi Arjuna nasiha a kan keken yaƙi, dawakan huɗu ne farare, linzami na hannun Kirishna, tutar kuma tana ɗauke da Hanuman, abin bauta mai siffar biri. Maisur tana da nata na gida: Camundeshwari a kan zaki, wadda wurin bautarta ke kan dutsen da ke kallon birnin, da jerin gwanon bikin Dasara inda giwa ke ɗaukar siffarta a cikin rumfar zinariya mai nauyin kusan kilo 750.

Akwai kuma awo. Tsofaffin ƙa'idojin sassaƙa na Indiya suna auna jiki da tsawon fuska, daga gaban goshi zuwa haɓa, awon da suke kira tala, kowane ɗaya kuma ya kasu gida 12. Manyan abubuwan bauta irin su Bishnu da Shiba ana ba su tala 10, shi ya sa suke fitowa dogaye. Ganesha tala 5 ne, gajere mai faɗi. In ka miƙar da shi don ya cika dogon allo, ya tashi daga kamanninsa. Gara ka cike sararin da baka mai ado a samansa ko fitilu a gefe.

Shawarata ita ce kar ka ƙirƙiro siffa daga kanka. Nemo zanen da masu addinin suka amince da shi, ka bi shi sau da ƙafa. Da yawa daga fuskokin da ake gani a alluna yau sun samo kama ne daga zane-zanen Raja Rabi Barma, wanda ya rayu daga 1848 zuwa 1906, ya kuma kafa maɗaba'a a Bombay a 1894 da ta watsa hotunansa gida-gida. In aikin oda ne, nuna wa mai shi zanen takarda ya duba kafin ka yanka komai, domin al'adar kudu da ta arewa sukan bambanta a wasu bayanai.

Mataki na biyu: zaɓen itace

Gindin aikin shi ne katakon da mutanen Karnataka ke kira bite, wanda masana tsirrai suka sani da Dalbergia latifolia. Launinsa tsakanin ruwan ƙasa mai duhu da shunayya ne, da baƙaƙen layuka, yana da nauyi da maiƙo, kuma yana karɓar sheƙi fiye da yawancin itatuwa. Yana da tsada, shi ya sa a manyan alluna wasu ke shimfiɗa shi siriri a kan katakon matse maimakon su yi amfani da falanki sukutum. Ga mai koyo, falanki mai faɗin santimita 30, tsawon 40, kaurin 2 ya isa.

Ya bushe sarai. Abin da kafintoci suka saba faɗa shi ne shekara guda a inuwa ga kowane inci na kauri. In akwai na'urar auna danshi, nemi wajen kashi 10 cikin 100. Ɗanyen katako zai tsuke bayan an gama, ya tura dashen waje ko ya tsage ta tsakiyar fuskar, kuma da yawa daga mabiya Hindu ba sa ajiye tsagaggiyar siffa a wurin ibadarsu. Aikin wata guda ya tafi a banza ke nan.

Sai launuka. Rawaya daga itacen jakfurut, wata bishiya mai manya-manyan 'ya'ya, ake samu. Ja da ruwan lemo daga dangin padauk da itacen patanga. Baƙi ƙirin daga ebonin Indiya. Fari daga itacen hale, wanda ake yin kayan wasan yara na garin Cannapatna da shi, ko daga farar roba. Mangwaro da tik da wasunsu suna ba da ruwan ƙasa iri-iri. Sandal yana ba da launin madara mai ɗan duhu ga ƙamshi, amma tun da Tipu Sultan ya mai da shi bishiyar sarauta a 1792 hukuma ba ta sake sakin hannunta daga kansa gaba ɗaya ba, don haka yana da tsada, ƙanana ake yanka shi. Wanda zai gwada hannunsa a ƙasar Hausa yana da makamantan wasunsu: kanya 'yar'uwar eboni ce, madobiya kuma dangin padauk, malaina tana da haske, maɗaci yana da ja.

Babu shuɗin itace, kuma Kirishna da Rama da Bishnu a zanen fenti shuɗaye ne. Wasu sukan rina. Ni ban goyi bayan rini ba, domin yana kodewa, kuma in aka goge da sanfefa sai ya fito dabbare-dabbare. Tsofaffin nassosinsu sun siffanta Kirishna da duhun hadari ne, saboda haka itace mai toka-toka ko mai duhu-duhu ya wadatar, gyauton rawaya da gashin ɗawisu su faɗi ko wane ne. In bayan allon mai duhu ne, sai a zagaye jikin da siririn layi fari ko a sa haske a bayansa don kada ya nutse.

Ka tuna launi yana tafiya da shekaru. Jan padauk yana komawa ruwan ƙasa, rawayan jakfurut yana ƙara duhu. Kada ka jera itatuwa biyu gefe da gefe don kawai sun bambanta yau. Bambancin haske da duhu ne ke ɗorewa. A yanka dukkan itatuwan launi falle-falle, kaurin milimita 3, su yi daidai da juna.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba su da yawa. Zarton baka mai siririn ruwa, da ruwa na canji masu yawa don suna karyewa. Ɗan falanki mai tsaga irin ta harafin V da ake ɗaurewa a bakin tebur, a kansa ake yanka. Ƙananan magagarai, lebur da zagayayye da mai kusurwa uku. Cizal iri-iri, daga mai faɗin milimita 1 zuwa 12, da gudumar katako. Tsinken ƙarfe mai tsini na jan layi, wuƙa mai kaifi, ƙarfen kankare katako, farin gam na kafintoci irin su Fevicol, abin matsewa, sanfefa, kakin zuma, garin gawayi, shalak (ƙaron da ake sa wa katako sheƙi da shi) da sifirit. Dutsen washi ya kasance kusa da hannu, domin dakusasshen cizal yana tsaga katako ne, ba ya yanka shi. A rana ta tara ta bikin Nabaratri mabiya Hindu sukan wanke kayan aikinsu su yi musu ado da furanni, su ajiye aiki.

Mataki na huɗu: zana, ka rarraba

Zana hoton a kan takarda daidai girman da zai fito a allo. Kowane yanki ya zama rufaffe, wato layinsa ya zagayo ya haɗu, domin kowane yanki gutsuren itace ne mai zaman kansa. Kambi daban, kunne daban, cikin kunne daban, kowane hannu daban, abin da ke cikinsa daban. Abin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kamar layin yatsu, gashin ido da ƙananan duwatsun sarƙa, kar ka ware masa yanki. Da tsini za a zana shi daga baya.

Ba kowane yanki lamba, ka rubuta irin itacensa, ka ja 'yar kibiya da ke nuna inda jijiyar katakon, wato layukan da ke bin jikinsa, za ta fuskanta. Wannan kibiyar ita ce rabin gwanintar. Jijiya ta bi tsawon hannu, ta bi lanƙwasar hanci gwargwadon iko, ta sauko da naɗin tufa, ta buɗe daga tsakiyar fure zuwa bakinsa. Inda itacen yake da duhu ta gefe ɗaya, juya shi duhun ya faɗa ƙarƙashin tumbi ko cikin kunne, sai ga inuwa ta fito ba tare da an ƙara komai ba. Don fuska kuwa nemi wurin da ya fi tsabta a fallen, babu ƙulli, babu layi mai ƙarfi da zai ratsa ido.

Yi kwafi da yawa. Ɗaya ya zauna cikakke a gabanka, ka rubuta "dama" da "hagu" na siffar a kansa da manyan baƙaƙe. Sauran ka yanyanka su yanki-yanki, ka liƙa kowanne a fuskar fallen da ya dace, takarda tana sama. Muddin takarda na sama a kowane yanki, zanen ba zai juya ba.

Mataki na biyar: yanka da haɗawa

Ɗora fallen a kan tsagar V, haƙoran zarto suna kallon ƙasa. Zarton yana hawa da sauka a tsaye a wuri ɗaya, itacen ne kake juyawa da ɗaya hannun. Kar ka tura da ƙarfi. Bi ta wajen layi kaɗan, ka ƙarasa da magagari. A kusurwa mai tsini, ci gaba da motsa zarton a wuri guda kana juya itacen a hankali har ruwan ya sami hanya. Siraran yankuna kamar haure, sarewa ko igiyar zarge sukan karye a gicciyen jijiya. Liƙa musu takarda ta baya kafin yanka, kuma ka sa tsawonsu ya bi jijiyar.

Yayin gyara da magagari, karkatar da gefen kaɗan yadda ƙasan yankin zai fi samansa tsukewa. Hakan yana sa ya shiga gurbi da sauƙi, bakinsa na sama kuma ya toshe gaɓar tsaf.

Fara daga tsakiya, wato fuska da hanci, ka yi waje. Duk wanda ka gama, ɗora shi a kan cikakken kwafin kusa da maƙwabcinsa, ka ɗaga su wajen haske. In haske ya ratsa tsakaninsu, sake gyarawa, in ya ƙi, sake yanko wani. Garin katako da gam suna rufe ƙaramar kafa a kan bango mai duhu, amma a tsakiyar farar fuska tabo ne da ba ya ɓoyuwa. Da sun zauna duka, haɗa su da gam gefe da gefe, ka liƙa takarda a kansu, siffar ta zama falle guda.

Mataki na shida: rarake gurbi

Ɗora haɗaɗɗiyar siffar a kan falankin inda za ta zauna, ka riƙe ta da ɗigon gam biyu ko uku. Bar sarari a sama da kambi fiye da yadda kake zato, kada firam ya danne kan. Bi gefenta da tsinken ƙarfe, ka ja layi siriri a manne da ita. Ɗaga ta da wuƙa a hankali. In layin ba ya ganuwa a kan duhun katakon, shafa masa alli.

Zurfafa layin da wuƙa tukun, sannan ka sa cizal a tsaye a cikinsa kana bugawa a hankali har ka zagaye. Wannan yankan ne ke hana tsaga ta tsallaka waje. Daga nan ka fara kwashe cikin, daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Zurfin ya gaza kaurin dashen da kamar rabin milimita: in fallen 3 ne, gurbin ya zama 2.5, don dashen ya ɗan ɗago a samu abin gogewa. Ƙasan gurbin ya zama lebur, domin duk inda ya yi rami dashen zai zauna a kan iska, wata rana ya fashe. Masu injin rarake suna kwashe tsakiya da shi, amma gefe da lunguna sai hannu.

Gwada sakawa ba gam. Kar ka danna har ƙasa, don fitar da shi zai yi wuya. Inda ya tokare, rage gurbin, ba siffar ba.

Furannin gefe, fitilu da layukan kan iyaka ana dasa su ɗaya bayan ɗaya bayan babbar siffar ta zauna.

Mataki na bakwai: liƙawa

Tunda katakon yana da maiƙo, goge cikin gurbin da tsumma mai sifirit, ka bari ya sha iska. Shafa gam siriri a ƙasa da gefe. Saka siffar, ɗora ɗan falanki lebur a kanta ka bubbuga da gudumar katako. Sa takarda a tsakani, ka matse ko ka ɗora nauyi, ka bar shi kwana guda cur. Washegari kankare takardar. Ƙananan kafofin da suka rage a gefe, cike su da lallausan garin katakon gindin da aka kwaɓa da gam, su ma su kwana.

Mataki na takwas: daidaita fuska

Da ƙarfen kankara za ka fara, ba da sanfefa ba. Garin katako mai duhu, da na jan itace, yana shiga ƙofofin farin itace ya mai da shi datti-datti, kuma in ya shiga ba ya fita. Ƙarfen kankara yana ɗebe ɓawo ne, ba ya tara ƙura. Da fuskar ta daidaita, shafa wa fararen wuraren shalak tsararo ya toshe su, sannan ka bi da sanfefa a naɗe a kan ɗan katako lebur: lamba 120, sai 180, sai 220, sai 320. Kakkaɓe ƙurar akai-akai. Rufe hanci da baki, domin ƙurar wannan katako tana sa wasu ƙaiƙayi da tari.

Mataki na tara: zanen tsini, da idanu

Har zuwa nan siffar ba ta da ido, ba ta da yatsu, kambin ba shi da ado. Mayar da waɗannan layuka da fensir daga cikakken kwafin, ka bi su da tsinin ƙarfe mai kaifi, zurfin da bai kai rabin milimita ba. Layi ya yi kauri inda inuwa take, ya sirance inda ya ƙare. Narkar da kakin zuma ka gauraya da garin gawayi mai laushi, ka cusa a cikin layukan, ka kankare abin da ya yi saura. Nan take baƙaƙen layuka za su fito a kan farin.

Idanu su ne ƙarshe. A al'adar masu sassaƙar siffofin bauta, buɗe ido shi ne aikin da ake rufewa da shi, har akwai hidima ta musamman da ake yi masa a wuraren bauta. Allon bango ba a cika yi masa wannan hidimar ba, amma barin ido zuwa ƙarshe ya dace da aikin ko ta fuskar sana'a: nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Idon Ganesha ƙarami ne, dogo, mai natsuwa. Na Lakshmi da Kirishna dogaye ne, fatar sama ta ɗan sauko. In ƙwayar ido ɗaya ta kauce da rabin milimita, fuskar za ta koma ta mai harara. Gwada sau da yawa a kan ragowar itacen da ka yi fuskar da shi, sai hannunka ya zauna kafin ka taɓa allon. Alamar goshi ma kar ka yi ta da ka: ta mabiya Bishnu a tsaye take, ta mabiya Shiba layi uku ne a kwance.

Mataki na goma: sheƙi

Shalak wani ƙaro ne da ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiya, Indiya na cikin manyan masu samar da shi, kuma a sifirit ake narkar da shi. Hattara da shafin farko, domin sifirit yana jawo launin katakon gindi da na jan itace ya malala kan fari. Yi shi tsararo, da sauri, bugu ɗaya ba komowa, ka bari ya bushe. Bayan shafi biyu ko uku irin wannan launin ya kulle. Daga nan ka ƙunsa auduga a cikin tsumma mai laushi, ka jiƙa da shalak, ka riƙa zagayawa a kan allon ba tsayawa, da ɗigon mai kaɗan don kada ya kama. Shafi siriri da yawa ya fi mai kauri ɗaya. Tsakanin kowane zama bar shi ya kwana, ka bi da sanfefa lamba 400 sama-sama. Kasuwa ta koma ga fesa sinadarai masu saurin bushewa, suna kuma jure ruwa, amma sukan kwanta a kan itacen kamar leda su kashe zurfin jijiyarsa. Shafa wa bayan allon shi ma, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙa shan danshi allon ya lanƙwashe.

Inda allon zai zauna, da abin da mai saye zai duba

Masu addinin ba sa ajiye irin wannan allo a ƙasa, ba sa miƙa masa ƙafa, ba sa rataye shi kusa da takalma ko banɗaki. Saboda haka ba a dasa siffar abin bauta a kan kujera, ko saman tebur da za a ɗora kofi, ko wani abin takawa. Giwaye da furanni da ɗawisu ake sa wa waɗannan. Da yawa sun fi son kusurwar arewa maso gabas ta gida don ɗakin ibada. In allon zai zauna kusa da fitilar mai da turare, a sa masa gilashi, domin hayaƙi yana dusashe shalak.

Mai son ya gane na gaske ya karkata allon wajen haske. A dashe na ainihi kowane yanki jijiyarsa tana fuskantar nata wajen, kuma haskensa yana sauyawa dabam da na maƙwabcinsa. In jijiya ɗaya ta ratsa launuka duka a miƙe, fenti ne ko bugun inji. A kantin Kaberi na gwamnatin jihar, da ke titin Sayyaji Rao a Maisur, ana iya ganin aiki iri-iri a kwatanta. Duk abin da aka ce maka hauren giwa ne, bar shi a wurin, ko da an ce tsoho ne. Fita da shi laifi ne. Shi kansa katakon, tun Janairun 2017 dangin Dalbergia suna cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. An sassauta wa ƙananan kayan da aka gama ƙerawa waɗanda ba su wuce kilo 10 ba, amma babban allo ko ƙofa sai da takarda, don haka a karɓi rasit mai ɗauke da sunan itacen.

Wanda ya kawo irin wannan aiki ƙasa mai hunturu ya nisanta shi da rana da bakin taga, domin bushewar iska farat ɗaya tana buɗe gaɓoɓi. A share shi da busasshen tsumma mai laushi, kada ruwa ko sifirit su taɓa shi, a kuma shafa masa kakin zuma kaɗan kafin sanyi ya shigo. In wani yanki ya ɗago, kar a danna shi da ƙarfi: a zura gam ƙarƙashinsa da bakin allura, a ɗora takarda da nauyi, a bar shi ya kwana.